Shekarar da Na Ƙirga Amin

Kusan kowane wata sai wani matashi ya same ni da waya a hannu, ya ce yana son in koya masa aikina. Kafin in buɗe baki ya riga ya gaya mini yadda ake yi: a buɗe shafi, a duba yawan mabiya, a jera daga babba zuwa ƙarami, shi ke nan. Wani har cewa ya yi, "Baba, wannan ai ko a kwance sai in yi shi." Na ce masa gaskiyarsa ce, ni ma na taɓa yin sa a kwance, kuma a shekarar ce na rufe bakin wata baiwar Allah da ta fi duk sauran masu rubutun garin nan amfani. Tunda kun matsa, ga yadda sana'ar take, ku daina yi wa rogo kallon kitse.

Aikin a taƙaice shi ne, duk Juma'a ina fitar da jerin shafukan siyasa goma na intanet da aka fi karantawa a Katsina da kewayenta. Ana karanta jerin da sunana, Malam Sada, a wani gidan rediyo mai zaman kansa bayan an sauko daga masallaci. Wanda ya shiga goman nan, 'yan siyasa suna ɗaga wayarsa, ana gayyatarsa taro, masu talla suna nemansa. Wanda ya faɗo kuwa, sallamarsa ma da ƙyar ake amsawa. Da yawa daga masu shafukan nan da jerin suke yanke shawarar ko su ci gaba da rubutu ko su nemi wata sana'a.

Ranar da mahaifina ya kai ni wurin Malam Iro mai jarida, a teburinsa da ke kusa da Ƙofar Durbi, na zaci sayar da jarida zan koya. Sai ya miƙo mini ƙaramin littafi da biro, ya nuna mini wani dutse a gindin dalbejiya.

"Zamna can," in ji shi. "Kada ka taɓa kuɗɗi, kada ka sa baki cikin gardama. Duk wanda ya ɗauki jarida ya karanta a tsaye, ka ja layi ƙarƙashin sunanta."

Malam Iro yana da aiki na biyu da ba kowa ya sani ba. Dillalan jaridu da jami'an yaɗa labarai na ofisoshi sukan zo wurinsa su ji wace jarida ce gari ke karantawa, don su san inda za su kai sanarwa. Mutum ne mai faɗa, ba ya yabo, ba ya maimaita magana. Wata rana na sulale na tafi kallon ƙwallo, da na dawo na zauna na cike layukan daga kaina. Ya karɓi littafin, ya duba shi kamar minti ɗaya, ya yage shafin. Ya ce layin da aka ja ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa azahar ba ya zuwa a miƙe haka, wani kan karkace, wani biro kan ɗauke. Nawa duk sun fito tsaf kamar haƙoran mataji. Ya sa na sake zaman mako guda a kan dutsen.

Da wata ya cika ya tambaye ni wace jarida ce ta ɗaya. Na ambaci wadda muka fi sayarwa, ina jin kaina. Sai ya ja ni wurin wani mai tsire da ke sayen tsofaffin jaridun ofisoshi a ɗaure. Ya kwance ɗauri guda ya ce in taɓa. Jaridar da na zaɓa ce, ga ta nan fes, da ninkin da ta fito da shi daga kamfani, wasu shafukan ma a manne suke. Ofisoshi ne ke saye saboda an saba saye, a ajiye a kan tebur, a kwashe ranar Juma'a. Daga nan muka koma teburinmu ya ɗaga wata da kwafi uku kawai ake kawo mana. Ta yi laushi kamar tsumma, ga tabon man ƙosai, ga sawun yatsu a gefe.

"Wagga ita ce ta ɗaya," ya ce. "Jaridar da aka karanta ba ta komawa ninkinta."

Shekara shida na yi a hannunsa, kuma iyakar abin da ya koya mini ke nan, sai dai ya koya mini shi ta hanya ɗari.

Lokacin da waya ta ture jarida Malam Iro ya riga mu gidan gaskiya, teburin ma ya koma na sayar da katin waya. Na ɗauki dabararsa na mayar kan shafuka. Kayan aikina ba su da yawa: babur, wayoyi biyu, ɗaya ta karatu ɗaya ta kira, da abin caji na aljihu, da littafi mai bangon kwali. Litinin ina wurin masu fotokofi a bakin sakatariya, inda masinjoji da ƙananan ma'aikata ke jiran takardu. Talata tasha, a rumfar masu cajin waya. Laraba in hau babur in nufi Batagarawa. Alhamis da safe in zaga majalisun cikin gari, da la'asar in zauna in jera. Ɓangaren mata kuwa ƙanwata Binta mai kitso ce kunnena, don abin da mace za ta faɗa kanta na kan cinyar mai kitso ba za ta faɗa wa namiji mai littafi ba.

Dokar farko, ba a tambayar mutum wane shafi yake karantawa. In ka tambayi Bakatsine haka, kara za ta sa ya ambaci shafin ɗan unguwarsu, ko na jam'iyyarsu, ko wanda yake zaton kai kake so. Cewa ake yi, "Mi ake ciki?" sannan a yi shiru a saurara. Kowane mai shafi yana da irin bakinsa, kuma mai ba da labari yakan ɗauko shi da kalmomin wanda ya rubuta ba tare da ya sani ba. In ka karanta shafukan sosai, daga jimla ɗaya za ka gane gidan da labari ya fito.

Wata Laraba a Batagarawa na zauna a ƙofar shagon wani tela, Malam Hamisu. Waya ɗaya ce a wurin, tasa. Yana gama kalmasa wuyan riga sai ya ɗaga ƙafa daga keken, ya karanta wa mutanen da ke zaune rubutun wani shafi da ƙarfi, ya tsaya a yi gardama, ya ci gaba. Na ƙirga mutum goma sha huɗu a kan benci da tabarma, yawancinsu manoma, rabi ba sa karatun boko. Kowannensu zai koma gida da labarin. A wurin na'ura, wannan taron mai karatu ɗaya ne.

Masu hulɗa da ni iri biyu ne, kuma kowanne da nasa ciwon kan. Iri na farko 'yan siyasa ne. Wata Alhamis hadimin wani ɗan siyasa ya kira ni gidan ubangidansa a GRA. Aka kawo lemo, aka yi gaisuwa mai tsawo, har da tambayar jikin baburina. Sannan Alhajin ya ce shafin da yaransa ke gudanarwa ya fi kowanne mabiya a jihar nan, me ya sa nake ajiye shi na tara? Na roƙi hadimin ya buɗe mini jerin mabiyan. Muka yi ta gangarawa: sunaye da rubutun da ba mu iya karantawa ba, hotunan Turawa a bakin teku, wasu ko hoton babu.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, waɗannan a wace rumfa za su yi zaɓe?"

Shi ya yi dariya, hadimin bai yi ba, don shi ya sayo su. Taron tsintsiya ne babu shara. Da zan tafi na tarar an ɗaure turmin shadda a bayan baburina, na kwance na ba maigadi ya mayar ciki. Iri na biyu su ne masu shafukan kansu. Mutum zai yini yana fatattakar kwamishina, amma ranar da na sauke shi daga na huɗu zuwa na biyar sai ya kira ni yana ta ƙorafi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Wata Litinin a wurin mai fotokofi na ji wani masinja na cewa, "An rubuta magani a takarda, an manta a sa shi a kan kantar asibiti." Na rubuta jimlar don ban san mai ita ba. Talata na ji ta a tasha a bakin wani direba. Da yamma Binta ta kawo mini ita daga bakin matar wani malamin makaranta. Kwana biyu ina nema kafin in gano gidan: wani ɗan shafi mai suna Katin Asibiti, mabiyansa ba su kai na mai sayar da takalma ba, kowane rubutu da mutum huɗu ko biyar da suka danna alamar so, su ma daga gani 'yan coci ɗaya ne da mai shafin.

Mai shafin ita ce Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, 'yar kudancin Kaduna, amma ta fi shekara talatin a Katsina, kuma rabin yaran unguwarsu a hannunta aka haife su. Sau ɗaya take rubutu a mako. Takan shiga motar haya da kanta ta je ƙaramin asibitin ƙauye, ta rubuta abin da idonta ya gani, ta ajiye shi kusa da alkawarin da aka yi wa mutanen wurin lokacin neman ƙuri'a. Ba zagi, ba kirari. Abin da ta fi nacewa a kai shi ne wani ƙauye can bayan Batagarawa da aka ɗauke ungozomarsa ba a maye gurbinta ba, har ta kai ana ɗora mai naƙuda a kan babur.

Na ɗauki lokaci kafin in gane dalilin shirun da ke ƙarƙashin rubutunta. Garin nan garin ma'aikatan gwamnati ne, kuma duk wanda ya danna alamar so, sunansa na fitowa kowa ya gani. Wanda aka gani a ƙarƙashin irin wannan rubutu yana iya wayar gari an tura shi aiki inda mota ba ta zuwa. Don haka sai su ɗauki hoton rubutun, su tura wa juna a ɓoye, su goge. Daga darakta har mai shara haka suke yi. Na sa ta ta huɗu a makon, kuma shekara uku ba ta fita daga biyar na farko ba.

Mun san juna daga baya. Tana da ɗa guda, Yohanna, ma'aikacin gwamnati ne, kuma an sha kiransa gefe a ofis a ce ya ja wa mahaifiyarsa kunne. Ita ta gaya mini da bakinta yadda suke ƙarewa. "Duk Juma'a nakan ƙara sautin rediyo don ya ji. In ya ce, Mama ki bari, za ki sa a kore ni a kan abin da ba mai karantawa, sai in ce masa, ka dai ji Malam Sada." Ba ta da ɗan siyasa a bayanta, ba ta da mai talla. Jerina ne kaɗai hujjarta a cikin gidanta.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Tun farkonta aka fara kiran jerina jerin son kai. Wanda ya fi ɗaga murya shi ne wani matashi da ke kiran kansa Kwamared Nafi'u, wanda shafinsa ke yawo tsakanin na takwas da na goma. Ya rubuta cewa tsoho ne da littafi yake zaga teburin masu shayi yana kwaso gulma, ya dawo ya ce bincike ne. Abin haushin, bai yi ƙarya duka ba, don ba ni da abin da zan ajiye a tebur in ce ga shaida. Manajan gidan rediyon ya kira ni ofishinsa.

"Malam Sada, ba mu raina aikinka ba," ya ce, "amma zamani ya canza. Mutane lamba suke so su ji. Ga manhaja an sayo, ita za ta tara mana komai."

Manhajar takan bi kowane shafi ta tattara waɗanda suka danna so, da waɗanda suka yi sharhi, da waɗanda suka tura gaba, ta haɗa ta jera. Har mabiyan bogi tana iya tacewa, irin na Alhajin GRA ba sa wuce ta. Ba zan ce tilasta mini aka yi ba. Na so ta. Gwiwoyina sun fara ƙara, mai ya yi tsada, kuma na gaji da rantsuwa ga yaran da na haifi kamarsu. Yanzu ranar Alhamis sai in kishingiɗa a falo in danna abu guda, jeri ya fito da lambobi a gefe, ba mai gardama. Littafin ya shiga durowa, babur ya koma na kai cefane.

Makon farko Kwamared ya fito na ɗaya. Katin Asibiti bai shiga goma ba, bai ma shiga ashirin ba. Na gani, kuma na san akwai abin da bai yi daidai ba, don ruwa ba ya tsami banza. Na ce wa kaina lamba ba ta da dangi, na tura wa gidan rediyo.

Kwamared bai sayi mabiyi ko ɗaya ba, a ba shi wannan. Garin ya sani. Kullum da safe sai ya sa sanarwar rasuwa, ta duk wanda ya samu, da hoto da sunan unguwa da lokacin jana'iza. Ranar Juma'a ya sa addu'ar zaman lafiya ya ce kowa ya ce amin. To a Katsina wa zai ga an ce wane ya rasu ya wuce bai ce Allah ya jiƙansa ba? Wa zai ga addu'a ya hana ta amin? Ni kaina na sha rubutawa a ƙarƙashin shafin nasa. A tsakanin waɗannan yakan saka rubutun siyasa na yabon ubangidansa, wanda ko mutum goma ba sa kulawa. Waɗanda suka ƙera manhajar ba su san zaman makoki irin namu ba. A wurinta, duk wanda ya rubuta kalma a ƙarƙashin shafin siyasa mai bibiyar siyasa ne. Duk wannan daga baya na gano shi, ranar da na zauna na karanta sharhin ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya kamata in yi tun makon farko.

Ana saura 'yan makonni zaɓe wasu masu kishin gari suka shirya muhawara tsakanin masu neman kujerar majalisa ta mazaɓar da ƙauyen nan da aka ɗauke wa ungozoma yake ciki. Za a sa kai tsaye a rediyo. Suka ce masu shafuka biyar ne za su yi tambayoyi, kuma don kada a ce sun yi son kai, biyar na farko a jerin Malam Sada za su ɗauka. Sista ta kira ni ana gobe.

"Malam Sada, ina wuni, ya aiki, ya iyali? Tambaya ɗaya ce da ni. Shekara biyu ina rubuta ta ba wanda ya amsa, gobe kuwa dole su amsa tunda gari na ji."

Na ce mata hannuna a ɗaure yake, lamba ce ta yanke. Ta ce ba komai, Allah ya kai mu.

Na je zauren. Tana can layin baya da takarda a ninke a hannu, ko za a ba 'yan kallo dama. Aka miƙa wa Kwamared makirufo a matsayinsa na na ɗaya. Ya gyara hula, ya dubi ɗan takarar da ya kawo shi a mota, ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'a na son su ji, mine ne sirrin wannan farin jini naka?" Amsar ta ci minti bakwai. Na biyu ya yi tambaya a kan gasar ƙwallon matasa. Kafin a zo kan 'yan kallo lokacin rediyo ya ƙare, aka yi addu'a aka tashi. Ba a ambaci ungozoma ba.

Daga ranar Katin Asibiti ya yi shiru. Mako ɗaya, biyu, biyar. Sai masu tambaya suka fara fitowa, kowanne da murya ƙasa-ƙasa. A wurin wani ɗaurin aure wani darakta ya riƙe hannuna bayan an shafa fatiha, ya waiga hagu da dama, ya ce, "Wai mi ya samu matar nan ta asibiti? Ni da ita nake sanin abin da ke faruwa a ƙarƙashina." Masinjan bakin sakatariya ya tambaye ni. Malam Hamisu tela ya bugo waya daga Batagarawa ya ce mutanen bencinsa sun dame shi. Binta ta ce mata uku sun yi mata zancen a yini ɗaya. Na ciro littafin daga durowa, na sa wa babur mai, na yi zagayen mako biyu kamar da. Ban taɓa jin ana neman shafi irin yadda ake neman wannan ba. Na je na gaya wa manaja ko mu koma littafi ko ya nemi wani. Ya ce a haɗa biyun, kuma haka muke yi har yau: manhaja ta kawo nata, ni in bi da ƙafa, inda suka saɓa in zauna in karanta sharhi har idona ya yi ja. Wanda ba zai iya wannan ba a cikinku, ya nemi wani aikin.

Wata Asabar da hantsi na je gidanta. Na same ta a tsakar gida tana zuba wa kaji dusa. Ta kawo mini kujera da ruwa, muka gaisa, ta tambayi Binta da yara, na tambayi Yohanna da jikoki. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na yi mata bayanin manhaja, da amin, da hoton da ake turawa a goge. Ta saurara har na gama.

"Ban yi fushi da kai ba, Malam Sada," ta ce. "Ni ma'aikaciyar jinya ce, in awo ya nuna abu nakan yarda da shi. Juma'a takwas muna zaune da Yohanna, ana karanta suna goma babu nawa. Bai ce mini komai ba, yaron kirki ne. A ta takwas ɗin ni na ce masa, ka yi gaskiya, na bari."

"Sista, awon ne ya lalace. Ana karantawa, wallahi ana karantawa. Juma'ar nan ke ce ta ɗaya."

"Kai ne ka ce ba ni cikin goma, kai ne kuma za ka ce ni ce ta ɗaya. Wanne zan kai wa yaron?" Ta kakkaɓe dusar hannunta. "Ga abin da za ka yi mini. Aikinsa nake sawa a wuta duk ranar da na yi rubutu. Ka kawo mini mutum ɗaya mai cin albashi irin nasa, ya zauna a kujerar nan da kake kai, ya dubi Yohanna ya ce, ni wane, ina karanta rubutun mahaifiyarka, kuma ban damu a sani ba. Mutum ɗaya. Ran Litinin zan shiga mota in koma ƙauyen."

Na fito ina ganin abin nema ya samu, don sunaye cike da littafina. Na fara da daraktan. Ya rufe ƙofar ofis da kansa, ya ce, "Malam Sada, shekara biyu suka rage mani in aje aiki. Ka gaishe ta, ka ce Allah shi saka mata." Masinjan ya ce ɗiya bakwai gare shi, kuma shi ko takardar ɗaukar aiki ta dindindin ba a ba shi ba. Wata malamar makaranta ta ce tana jiran ƙarin girma, in bari ya fito. Wani akawu ya ce zai zo, ranar ya kashe waya. Wani ma'aikacin lafiya, wanda shi ne ke tsegunta mata rabin labaran, ya roƙe ni don girman Allah in goge sunansa daga littafin, ya tsaya a kaina har na goge. Mutum tara na bi a cikin kwana goma. Dukansu sun yabe ta, dukansu sun yi mata addu'a, kuma na tabbata har zuciyarsu suke yi.

Na koma gidan ni kaɗai. Tana ganina ta leƙa bayana, ta ga ba kowa, ta dai kawo kujera biyu ta ajiye. Na gaya mata yadda muka yi da kowa, ban ambaci suna ba, don haka suka roƙa. Ta dubi kajin, sannan ta ɗan yi murmushi.

"To ka gani, Malam Sada," ta ce. "Ashe na'urar taka ba ta yi ƙarya ba."

Shafin bai sake motsi ba har yau.